Baƙin mai na sintetik ko na minaral: wanne ya dace da tsohon babur?

Mai tsohon babur, ko Honda CB750 ne na 1969, ko Triumph Bonneville, ko BMW mai silinda biyu a kwance, ba ya rasa jin magana biyu masu karo da juna. Wani bakanike zai ce sintetik yana ƙara wa inji kwana. Wani kuma zai rantse cewa mako guda da zuba shi za a ga mai yana ɗiga ta kowace kafa, kuloci kuma ya fara sulɓewa. Kowannensu ya ga abin da yake faɗa da idonsa, sai dai a injuna daban-daban ya gani. Abin da ke raba gardamar shi ne ƙirar injin da ke gabanka: yana da filta ta gaske ko babu, kulocinsa a cikin mai yake wanka ko a bushe yake, da me aka toshe kafofinsa, kuma yaushe rabon a buɗe shi. In ka amsa waɗannan huɗun, zaɓin ya kusa yin kansa.

Abin da ke cikin gorar

Kashi 75 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikin gorar baƙin mai shi ne uwar man, ragowar kuma sinadarai ne da ake ƙarawa don wanke dauɗa, hana tsatsa, hana kumfa da kare ƙarfe daga cin juna. Kalmar sintetik ko minaral uwar man kaɗai take bayyanawa. Cibiyar harkokin man fetur ta Amurka, wato API, ta kasa uwar mai gida biyar. Rukuni na I da na II minaral ne, wato ɗanyen mai da aka tace. Na III shi ma daga ɗanyen mai yake, amma an sarrafa shi da haidurojin har ya tsarkaka ƙwarai. Na IV shi ne PAO, wanda ake ƙerawa a masana'anta, irin wanda Mobil 1 ya fito da shi kasuwa a 1974. Na V ya ƙunshi esta da makamantansu. Tun bayan taƙaddamar Mobil da Castrol a 1999, an yarda a Amurka a kira rukuni na III da sunan sintetik, shi ya sa yawancin gororin da ke ɗauke da wannan suna a yau rukuni na III ne, ko gaurayensa da PAO.

Wannan yana da muhimmanci don yawancin ɓarnar da ake ɗora wa sintetik ba uwar man ce ta yi ta ba. Ko dai kaurin da aka zaɓa bai dace ba, ko kuma sinadaran da ke ciki na mota ne, ba na babur ba.

Inda sintetik ya yi fintinkau: zafi

Kusan duk tsofaffin babura iska ce ke sanyaya su. Babu ruwa, babu fanka. A cunkoson gari ko a doguwar tafiya da kaya, man da ke zagaya kan silinda yana iya haura digiri 120, wani lokaci ya doshi 150. Ƙa'idar da masana mai suke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Minaral idan ya daɗe a irin wannan zafi sai ya yi baƙi, ya yi kauri, ya bar wani danƙo a ramin ringi da jikin bawul, ɓangarensa mara nauyi kuma ya ƙone ya fita. Sintetik yana jure wannan nesa ba kusa ba. Wanda ke hawa a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta take haura digiri 40, wannan fifiko ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Fifiko na biyu ya shafi baburan da inji da giya da kuloci suke shan mai ɗaya, kamar yawancin na Japan. Don a samu mai irin 10W-40 (lambar farko kaurinsa a sanyi, ta biyu kaurinsa a zafi) daga minaral, dole a zuba masa wasu dogayen ƙwayoyin roba masu hana shi tsinkewa in ya yi zafi. Haƙoran giya suna yayyanka waɗannan ƙwayoyi. Bayan kilomita dubu ɗaya ko biyu, man da aka zuba a matsayin 40 sai ya koma kamar 30. Alamarsa ita ce giya ta fara tauri, inji ya ƙara ƙara, tun lokacin juye bai yi ba. Sintetik ba ya buƙatar waɗannan ƙwayoyi da yawa, don haka ya fi riƙe kaurinsa.

Na uku shi ne tashin safe. A ƙananan Honda masu kamshaf a sama, kamshaf ɗin kai tsaye yake juyawa a kan alminiyon, babu boris tsakani. Daƙiƙun da mai ke ɗauka kafin ya hau can su ne suke cinye wurin, kuma sintetik ya fi saurin isa.

Filta: nan ne maganar take

Tsofaffin injuna da yawa ba su da filta irin ta takarda. An ƙera su ne a zamanin da baƙin mai ba ya riƙe dauɗa. Dauɗar sai ta kwanta a gindin tanki ko a wani tarko da aka tanada mata, a kwashe ta lokacin babban gyara.

Dubi Triumph masu silinda biyu, irin Bonneville T120 da ya fito a 1959. A cikin kiranshaf akwai wani bututu da ke aiki a matsayin tarkon laka. Mai yana bi ta cikinsa kafin ya isa ga kwanrod, juyawar kiranshaf kuma tana wurga dauɗar ta manne a bango. Shekara da shekaru wannan laka tana taruwa har ta daskare. Ranar da ta cika bututun, ko wani guntu ya ɓalle ya toshe ƙaramar kafar da ke kai mai ga kwanrod, inji zai buga, wani lokaci kwanrod ya fasa kasko ya fito. Babu yadda za a share wannan tarko sai an raba inji biyu. BSA masu silinda biyu ma haka suke. BMW na 1955 zuwa 1969, wato R50, R60 da R69S, su kuma wasu faifai ne a gefen kiranshaf suke ɗiban mai su kai wa borisan kwanrod, kuma a ramin faifan dauɗa take taruwa har ta rufe hanya.

Baƙin mai na zamani yana ɗauke da sinadaran da suke wanke dauɗa su riƙe ta a cikin mai, da nufin filta ta kama ta. A injin da babu filta, dauɗar sai ta yi ta zagayawa tana bi ta boris. Abin lura shi ne minaral na zamani ma yana da waɗannan sinadarai, ba sintetik kaɗai ba. Amma sintetik, musamman mai esta, ya fi narkar da tsohuwar laka, kuma babbar illarsa ita ce yana jan mai babur ya jinkirta juye, tunda ya biya kuɗi da yawa kuma an gaya masa man yana daɗewa. Man zai daɗe, gaskiya ne. Dauɗar da ke yawo a cikinsa ce ba ta da inda za ta je. Ga fetur da ke zubowa daga kafireto yana tsinka shi, ga hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta tsohuwar matatar iska. Babu uwar man da ke maganin waɗannan sai juye.

Don haka injin da ba shi da filta ta takarda yana buƙatar juye duk kilomita 1,500 zuwa 2,000, ko da wane irin mai aka zuba masa. Sintetik kuwa yakan ninka minaral kuɗi sau biyu ko uku. Zubar da shi a kilomita 1,500 asara ce, barinsa ya kai 5,000 kuma haɗari ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa minaral ya yi nasara a irin waɗannan injuna.

Honda Super Cub da CG125 suna tsakiya. Suna da rariya ta waya da kuma wani kofi mai juyawa da ke tace mai da ƙarfin wurgi, a Cub yana jikin kuloci, a CG125 yana bakin kiranshaf ta dama. Bambancinsu da Triumph shi ne ana iya share nasu da cire murfin gefe kawai. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne musamman don ƙasashen da ake sakaci da juye, shi ya sa aka sauko da kamshaf ƙasa. Injin lita ɗaya kacal yake sha, kuma mai kaɗan yana saurin ɗaukar zafi da dauɗa. Shi da irin injunan da aka kwaikwaya daga gare shi, waɗanda suka cika titunanmu, sun fi amfana da juye akai-akai fiye da mai mai tsada.

Idan kana son sintetik a baburin Ingila, hanya ɗaya ce mai aminci: a raba inji, a share tarkon laka, a kuma ɗaura filta ta gwangwani a kan tiyon da ke mayar da mai tanki. A kan tiyon komawa ake sa ta, ba na zuwa ba, don kada ta rage wa famfo abin da yake zuƙa. Norton Commando na ƙarshe-ƙarshe da irinta suka fito daga kamfani, kuma ita ake sa wa sauran.

Yoyo

Sintetik na farko-farko ya cancanci sunan da ya yi. PAO zalla yana sa roba ta ƙanƙance ta yi tauri. An daɗe da gyara wannan ta hanyar gauraya shi da esta, wanda ke sa roba ta ɗan kumbura. Sintetik na yau ba ya cin sil mai lafiya, wato zoben robar da ke hana mai yoyo.

Duk da haka yoyon da ake gani gaskiya ne. Sil ɗin da ya shekara arba'in ya riga ya bushe ya tsattsage, laka ce kawai ta toshe tsagun. Sabon mai ya wanke lakar, kafa ta buɗe. Injunan da aka toshe da ɓawon itace mai laushi irin na toshiyar kwalba, fata ko ulu da aka matse, kamar na kafin 1960, sun fi shan wannan, haka ma kaskon Ingila da ake rabawa a tsaye, inda layin haɗin yake zaune cikin mai. Idan baburinka yana gumi yanzu da minaral, da sintetik zai ɗiga. Sai dai a canja gasket da sil tukuna, kuma in ana samun sil na Viton, ya fi na roba baƙa jure zafi.

Baburan da ke da tankin mai daban suna da wata matsalar. In sun daɗe a ajiye, mai yana silalowa ta famfo ya taru a kasko, ranar tayarwa sai hayaƙi da amai ta bututun numfashi. Mai mara kauri a sanyi, irin 5W ko 10W, ya fi saurin silalowa fiye da 20W.

Kuloci da tutiya

Ba sintetik ke sa kuloci sulɓewa ba, man mota ne. Man motar zamani yana da sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur, kuma ana gane shi da rubutun Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin da'irar API da ke bayan gora. Waɗannan sinadarai suna lulluɓe faifan kuloci. Shi ya sa masana'antun Japan suka kafa ma'aunin JASO na babura a 1998. In kulocinka a cikin mai yake, nemi JASO MA ko MA2. Ka guji MB, na sikuta ne mai busasshen kuloci. Tsofaffin BMW da Moto Guzzi masu silinda biyu kulocinsu busasshe ne irin na mota, wannan bai shafe su ba. Masu Triumph su kula: daga ƙirar 1970, akwatin kuloci yana shan mai ɗaya da inji, don haka abin da ka zuba a tanki zai isa ga kuloci.

Sai ZDDP, sinadarin tutiya da fosforas da ke yin wani siririn rufi a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe da ƙarfi, kamar tsakanin kamshaf da tafet. Man zamanin tsohon ma'aunin inganci na API SG yakan ɗauki fosforas kimanin 1,200 cikin miliyan. Saboda fosforas yana kashe na'urar tace hayaƙin mota, an rage shi zuwa 800 a API SM na 2004 ga man mota marasa kauri irin 5W-30 da 10W-30. Wannan iyaka ba ta hau kan 20W-50 ba, man babur mai JASO kuma ya kasance tsakanin 800 da 1,200 kafin a sabunta ma'aunin a 2023. Ga tsohon inji, nemi mai da ke da 1,000 zuwa 1,200. Kamfanoni na kirki suna rubuta adadin a takardar bayanin mansu. Kada a sayi ƙaramar kwalbar tutiya a ƙara da ka, domin in ya wuce kima shi kansa yana cin ƙarfe, kuma yana rikita sauran sinadaran.

Akwai mai cewa sintetik santsinsa ya yi yawa, har borisan kiranshaf suna zamewa maimakon su mirgina. Wannan ba shi da tushe. Harley-Davidson, wanda kwanrod ɗin injunansa a kan irin waɗannan borisan yake, da kansa yake sayar da sintetik mai suna SYN3.

Kauri ya fi suna muhimmanci

Tsofaffin injuna an ƙera su da tazara mai faɗi tsakanin sassa, shekaru kuma sun ƙara faɗaɗa ta, famfonsu ma ba mai ƙarfi ba ne. A digiri 100, mai lamba 30 kaurinsa 9.3 zuwa 12.5 ne a ma'aunin santistok, lamba 40 kuma 12.5 zuwa 16.3, lamba 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Wanda ya zuba 5W-30 na mota a injin da aka yi wa 20W-50 ya zubar da kusan rabin kaurin, sai matsin mai ya faɗi, inji ya fara ƙara da hayaƙi, a ce sintetik ne ya kashe shi. In za ka canja iri, kada ka taɓa lambar ƙarshe. Baburan Ingila, BMW da Royal Enfield Bullet 20W-50 ne nasu, ko 15W-50 in sintetik ne. Na Japan na shekarun 1970 yawanci 10W-40 aka rubuta musu, 20W-50 kuma a ƙasa mai zafi. Tsofaffin Harley irin Shovelhead an saba ba su SAE 50 ko 60.

Wane babur, wane mai

Honda CB750, Kawasaki Z1, Suzuki GS da BMW daga ƙirar 1969 zuwa sama duk suna da filta ta takarda da sil na roba. In injin yana da lafiya kuma ana hawansa da nisa ko cikin zafi, sintetik na babur ya fi, kuma ana iya kai shi kilomita 4,000 zuwa 5,000 tare da sabuwar filta. A nan kuɗinsa yana dawowa.

Baburin Ingila ko tsohon BMW da ba a san rabonsa da buɗewa ba, a bar shi a kan minaral, a riƙa juye da wuri, a kuma fara tara kuɗin share tarkon laka, don wannan aikin ba mai da zai ɗauke shi. Wanda aka sabunta aka sa masa filta, kowanne ya yi.

Baburin da ake fitowa da shi jefi-jefi, wanda ba ya cin kilomita 1,000 a shekara, minaral ya ishe shi. Abin da ke damunsa ruwa ne da tsami da ke taruwa a mai, maganinsu juye sau ɗaya a shekara, kafin a ajiye, ba bayan an fito da shi ba.

Injin da aka gama yi wa bori da sabon fistin da ringi, a fara da minaral na kilomita 1,000 zuwa 1,500 har ringi ya zauna, a yi juye na farko a kilomita 300 zuwa 500. Mai rabi da rabi, wanda ake kira semi, ya dace da Cub da CG125 masu aiki cikin zafi, sai dai babu dokar da ta fayyace yawan sintetik ɗin da ke ciki, don haka a duba JASO da kauri, ba sunan ba.

Akwatin giya da ke da mansa daban, in akwai bushin tagulla a ciki, man giya mai lamba GL-4 ya fi aminci a kan GL-5, wanda sinadarin farar wutarsa ke iya cin tagulla in ya yi zafi.

Injunan 2T, wato masu ƙona mai tare da fetur, irin Vespa, Suzuki A100 ko Yamaha RD350 lissafinsu daban ne. Sintetik na 2T mai JASO FC ko FD yana rage hayaƙi da gawayin da ke toshe salansa da kama ringi. Amma kada a rage yawan man don an ce mai kyau ne. Vespa PX kashi 2 cikin ɗari take so, wato mililita 20 a kowace litar fetur, tsofaffin da suka gabace ta wasu kashi 5. Akwatin giyarta mililita 250 na SAE 30 yake ɗauka. Man da aka yi da zurman, irin Castrol R, ba ya gauraya da minaral ko sintetik na yau da kullum, haɗa su yana yin danƙon da ke toshe hanyoyin mai.

In ka yanke shawarar komawa sintetik

Fara da wanke injin tas, ka hau shi kwana biyu ka ga inda yake gumi, ka gyara. Sannan ka ɗumama shi minti goma, ka kwance noti mai ya zube da ɗuminsa. Duba abin da ya fito: ɗan ƙyalli kamar toka ba komai ba ne, amma ɓarɓashin tagulla ko guntayen ƙarfe suna nufin injin gyara yake nema, ba sabon mai ba. Wanke rariya da kananzir, share kofin wurgi in akwai, sa sabuwar filta da sabon washa. Tanki daban a cire shi a wanke gindinsa. Kada a zuba maganin wanke inji, kada kuma a tayar da shi da dizal ko kananzir a ciki, domin yana ɓalle laka gaba ɗaya lokaci guda. Ragowar minaral ɗin da ya maƙale ba matsala ba ce, suna gauraya, kuma ana iya komawa minaral duk ranar da aka ga dama. Ka sayi man a gora mai hatimi daga dillali sananne, don jabun mai ya fi kowane kuskuren zaɓi ɓarna.

Bayan zubawa, in babur mai tanki ne, buɗe murfin ka tabbatar mai yana dawowa cikin minti ɗaya. Juyen farko ka yi shi a kilomita 500 zuwa 800 tare da filta, domin wannan man zai kwaso tsohuwar dauɗa, zai kuma yi baƙi da wuri. A wannan tsakanin riƙa duba sandar awo kowace safiya. Gwada kuloci a babbar giya: ka sauko da gudu, ka murɗa totur gaba ɗaya. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, yana sulɓewa. Duba wasan waya tukuna, a gindin hannun kuloci ya kamata a samu milimita 2 zuwa 3 kafin ta fara ja. In wasan daidai yake, auna tsawon sifirin da kaurin faifai da abin da littafin babur ya ce, don sau da yawa sun riga sun gaji, sabon mai ya tona su ne kawai. Sababbin faifai a jiƙa su cikin man da za a yi amfani da shi na 'yan awoyi kafin a ɗaura.